Tambaya da Amsa: Kangon Monte Alban ya cancanci kuɗin motata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah shawara nake nema. Ni ɗan Katsina ne ina karatu a birnin Meziko, to mun samu hutun sati guda shine abokan karatuna suka dage wai sai mun je wani kango Monte Alban a jihar Oaxaca, sun ce tsohon garin ƙabilar Zapotek ne. Ni kuma kuɗin hannuna ba yawa, ina tsoron in kashe su in je in tarar da tarin duwatsu kawai. Da gaske akwai abin gani? Sannan ya zan yi da abinci a can?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka je, wallahi ka je, ko da a motar dare ce don ka huta da kuɗin masauki na kwana ɗaya. Daga birnin Meziko zuwa Oaxaca (Wahaka suke cewa, ka riƙe wannan saboda tasha) tafiyar awa 6 zuwa 7 ce a bas, daga nan kangon bai wuce kilomita 10 ba, akwai motocin da ke jigilar mutane daga tsakiyar gari.

Duwatsu ne kam, amma fa ka san irin duwatsun. Wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen nan suka hau kan tsauni mai tsawon kusan mita 400 daga ƙasan kwari, suka aske kansa ya zama fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 300, ba ƙarfe a hannunsu ba jaki ba amalanke, ƙarfin damtse ne da kayan aiki na dutse, kuma garin ya rayu sama da shekara dubu kafin a watse a bar shi wajen shekara ta 800 miladiyya. In ka hau matakalar dandamalin kudu ka juyo zaka ga filin gaba ɗaya da kwaruruka uku a ƙasanka, a nan ne zaka gane dalilin da yasa suka zaɓi wurin, duk mai tahowa daga nesa ana hango shi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987 tare da tsohon birnin Oaxaca.

Inda nake so ka daɗe shine wajen duwatsun da ake kira Danzantes, wato masu rawa. Sun haura 300, siffofin maza ne aka sassaƙa tsirara, gaɓoɓi a karkace, ido a rufe baki a buɗe. Waɗanda suka fara ganinsu sun ɗauka rawa suke, amma yawancin masana yanzu suna ganin gawarwakin fursunonin yaƙi ne aka jera don a tsorata maƙwabta. Ka matsa kusa ka duba gefen kawunan wasu, akwai ƴan alamomi, rubutu ne, yana cikin mafi tsufa da aka samu a duk yankin. Ni abin yana taɓa ni, da yawa daga masu zuwa hoto kawai suke ɗauka su wuce alhali mutane ne aka kashe. A tsakiyar filin kuma akwai wani gini da ya bauɗe wa jerin sauran, mai siffar kan kibiya, jikinsa da allunan da ake ganin sunayen garuruwan da suka ci da yaƙi ne. Akwai filin ƙwallonsu ma.

Kada ka dawo baka shiga gidan tarihin da ke tsohon ginin Santo Domingo a cikin gari ba, in ba haka ba rabin labari ka gani. A 1932 wani masanin kayan tarihi, Alfonso Caso, ya tono Kabari na 7 a Monte Alban, ya tarar ashe ƴan ƙabilar Mishtek sun sake amfani da shi bayan Zapotek sun tashi, ya fito da kaya sama da 400, zinare, azurfa, lu'ulu'u, ƙasusuwa masu sassaƙa, har da ƙoƙon kan mutum da aka manne da shuɗin dutse. A can suke.

Kuma don Allah kar ka yi maganar Zapotek a gaban mutanen Oaxaca kamar al'ummar da ta ƙare. Dubban ɗaruruwa na magana da harshen har yau, ƙila direbanka ma, kuma Benito Juarez da ya shugabanci Meziko ɗan Zapotek ne.

Ka yi sammako, bayan hantsi rana na duka kuma inuwa kaɗan ce, ka tafi da ruwa da malafa da takalmi mai kama ƙasa. Katin makarantarka ma ka sa a aljihu ka nuna a ƙofa. Masu tallar gumakan yumɓu za su ce maka sun tono ne a gona, sabon ƙira ne, in ma na gaske ne dokar ƙasar ta hana a fita da shi.

Abinci kuwa nan zaka buɗe ido. Tlayuda, wata faffaɗar gurasar masara da kowa zai ce ka ci, galibi da kitsen alade ake shafa ta, asiento suke kiransa, ka ce "sin asiento", wato ban da asiento, kuma ka tambayi waken da ake sa mata ma da me aka soya, manteca shine man alade. Mezcal giya ce, ko an miƙo da sunan karamci kace a'a nagode. Amma a kasuwa zaka tarar da fara soyayya da lemun tsami da barkono cike da kwanduna, chapulines sunanta, wannan kam ɗan Katsina baya buƙatar a koya masa yadda ake ci.