Tashar Kano a Kan Tebur: Me Za a Saya, Me Za a Haɗa da Hannu?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan aikin hannu ɗaya, wato gina ƙaramin samfurin wuri, diyorama, inda mutum zai ɗauki tasha ko kasuwa ko unguwa ya ƙanƙanta ta har ta zauna a kan tebur, komai bisa ma'auni. Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Tambaya daga Kano: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, Allah ya yi masa rasuwa. Na daɗe ina son gina tashar jirgin ƙasa ta Kano yadda take a shekarun 1950, da dalar gyaɗa a gefe. Ina ganin kaya masu lamba 1:35 da 1:72 da 1:87. Wanne zan saya? Ɗaki ɗaya gare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kafin ka sayi ko tsinke, ɗauki tef ka auna wurin da aikin zai zauna, domin ɗakin ne zai zaɓa maka ma'auni. Idan an rubuta 1:87, ana nufin santimita ɗaya a kan tebur tana madadin 87 a fili. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai fito kusan santimita 5 a 1:35, santimita 2.4 a 1:72, kusan 2 a 1:87. To ka ce filin da kake so ya kai tsawon mita 300. A 1:35 sai ka nemi tebur mai fiye da mita 8 da rabi, a 1:87 kuwa mita 3 da rabi sun ɗauke shi. Ka ga 1:35 ya fita daga lissafi. Shi dama kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi domin tankoki da motocin soja, kamar yadda aka san Airfix na Ingila da jiragen sama a 1:72. Na jirgin ƙasa shi ne 1:87, wanda ake kira HO, kuma a nan za ka fi samun ƙafafun tarago da fitilu da kwanon rufi.

Amma akwai inda mutanenmu ke asarar kuɗi, kuma ina so ka kiyaye. Dogon da ya iso Kano a 1911 siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Dogon HO da ya cika kasuwa mai milimita 16.5 ne, yana kwaikwayon na Turai mai 1,435, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna. Idan ka ɗora tsohuwar tashar Kano a kansa, duk tsohon ma'aikacin reluwe da ya duba zai ce maka wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Raba 1,067 da 87, za ka samu 12 da ɗoriya. Saboda haka dogo mai milimita 12 za ka nema, ana sayar da shi da sunan H0m, kamfanonin Peco da Bemo suna yin sa. Wasu a Niyu Zilan, inda faɗin dogonsu ɗaya da namu na da, sukan riƙe mai 16.5 ɗin su gina komai a 1:64. Hanya ce mai kyau, sai dai gine-ginen za su fi cin wuri, kai kuma ɗaki ɗaya ka ce.

Sannan ka yanke shawara tun yanzu: jirgin zai yi tafiya ko a tsaye zai kasance? Ni shawarata ya tsaya. Da zarar ka ce sai ya motsa, ka shiga sayen taransifoma da waya da injin mai lantarki, kuma kuɗin da zai ishe ka gina tashar duka zai tafi a kan abu ɗaya. Injunan tururin da suka yi aiki a dogon Najeriya, irin waɗanda aka sa wa sunayen koguna, da wuya ka same su a kwali a shirye. Fara da taragon kaya biyu ko uku, ka sayi ƙafafu kawai, jikin kuma ka yanka da kwali mai ƙarfi. Inji ya jira sai hannunka ya faɗa.

Dalar gyaɗa kada ta ba ka tsoro. Cikinta farin soso ne, irin wanda ake kāre kaya da shi a cikin kwali, ka fafe shi siffar dala, buhunan waje kaɗai ake gani. Buhu ɗaya bai fi santimita guda da 'yan kai ba. Ka mulmula jeri ɗaya da hannu, kowane da ɗan bambancinsa, ka ɗauki zubinsa, sai ka riƙa zuba POP kana fitar da jeri-jeri kana mannawa.

Abu na ƙarshe, kada ka gina a kan falanki ɗaya dogo. Yanka shi gida-gida, kamar santimita 60 a 90, wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya fita da shi ta ƙofa. Ka gama ɗaya tsaf kafin ka taɓa na biyu. Miniatur Wunderland da ke Hambug a Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 a wannan ma'auni na 1:87, sashe-sashe aka gina shi, kuma har yau ana ƙara masa.

Tambaya daga Zariya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. Ina gina zauren wani tsohon gida na cikin birni. Na yi bangon da jar ƙasa ta gaske, da ya bushe duk ya tsattsage. Ƙawata ta ce in yi odar wani kwaɓi daga waje da ake shafawa ya ba da kalar ƙasa. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Abin da za ki yi oda, garin dutse ne da gam da kala, kuma kalar tasu ba za ta kai ta ƙasar Zazzau ba. Bangonki ya tsage ne domin laka tana tsukewa idan ruwa ya fita, kuma siririn bango ba shi da kaurin da zai jure. Magina ma da tubali suke ɗaga gini, su yi yaɓe, su bi da makuba. Ke ma raba aikin biyu. Jikin ginin ki yi shi da soso mai tauri ko kwali, ki fitar da zankwaye da gurbin indararo tun a nan. Ƙasar kuma ta zama yaɓe kawai. Ki soya ta a kasko tukuna domin kashe ƙwan ƙwari, ki tankaɗe da rariya mafi laushi, ki kuma tacewa da tsohon gyale. Tsakuwar da ido ke raina wa, a ƙaramin ma'auni dutse ce. Sai ki dama da farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, da ruwa kaɗan da ɗigon sabulun ruwa, ki shafa siriri sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Zanen bango kuwa, irin dagi da sauransu, ki ja shi da zare mai kauri da kika jiƙa da gam, ki bi kansa da yaɓen. Azara tsinken tsintsiyar kwakwa yana yi, idan kika kankare shi.

Ki kiyaye abu biyu. Supa gulu da gam mai warin fetur da fentin gwangwani na fesawa duk suna narkar da farin soso, sai in kin riga kin rufe shi da farin gam. Gara kuma tana son kwali da katako, don haka ki fente falankin ciki da baya, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Inda nake so ki kashe kuɗi shi ne murfi. Kai wa masu gilas da alminiyam su haɗa miki akwati. Hunturu ɗaya ya isa ya binne aikin shekara a ƙura, kuma ƙurar da ta shiga cikin yaɓe ba ta gogewa.

Tambaya daga Maraɗi: Na tara 'yan kuɗi. Injin fesa fenti zan saya ko firinta mai fitar da siffa?

Amsa: Idan dole sai ɗaya, injin fesa. Firintar da ke fitar da ƙananan kaya masu kyau da ruwan roba take aiki, ruwan yana cin fata kuma warinsa ba ya son rufaffen ɗaki, sai an wanke abin da ta fitar da sifirit an gasa shi a haske na musamman. Aiki ɗaya yakan ɗauki sa'o'i, wuta na ɗaukewa ya lalace. Ya fi sauƙi ka biya mai ita ya buga maka ɗan abin da ya gagari hannu. Amma fa ko injin fesan, ga mai gina bangon ƙasa da rumfuna ba farilla ba ne. Amfaninsa ya fi fitowa a jikin mota da tarago. Burushi mai kyau guda uku, reza mai canza baki, rula ta ƙarfe, da fentin ruwa na akirilik irin Vallejo ko na masu zane, sun fi maka amfani a shekarar farko. Da yake iskarku busasshiya ce, ka jiƙa tishu a faranti, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka zuba fentin a nan don kada ya daskare kafin ka gama.

Tambaya daga Kumasi: Ina gina kasuwar zango. Mahaifiyata ba ta son mutum-mutumi a gida, ni kuma ina ganin kasuwa ba mutane ba ta yi ba. Ya zan yi?

Amsa: Hukuncin siffar mai rai na malamai ne, ka kai musu tambayar. Amma ta fuskar aiki, ka bi Hajiya, babu abin da za ka rasa. Zaɓi lokacin da kasuwa kan yi shiru da kanta, kamar sa'ar sallar Juma'a. Rumfuna a rufe da buhu, huhun goro a jingine, keke a gindin bishiya, butoci da takalma jere a ƙofar masallaci. Mai kallo zai san inda jama'a suke. Ƙari a kan haka, mutanen roba da ake sayarwa yawancinsu Turawa ne da kwat da hular sanyi, sai ka sha wahalar sa musu babbar riga. Kuɗin ya tafi wajen kwanduna da tireda.

Tambaya daga Kaduna: Malam, shekara huɗu ina gina unguwarmu ta yarinta, ban gama ba kuma ban taɓa nuna wa kowa ba. Ina ganin hotunan da masu irin wannan sha'awa ke sakawa a intanet sai in ji nawa bai kai ba. Ina tunanin sayen babbar kyamara, in jira in gama, sannan in fito da shi.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ban goyi baya ba, kuma wannan ce wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Irin wannan aiki ba a gama shi yadda kake zato. Wani mutumin Ostireliya, Roye England, ya je Ingila ya ga ana rushe tsofaffin gidajen karkara masu rufin ciyawa ana sake musu kama, sai ya shiga auna su yana gina su da kwali a 1:76 tun farkon shekarun 1930. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon, ya buɗe ƙofa aikin na tsaka. Ya rasu a 1995 bai ga ƙarshensa ba, masu sa kai suka ci gaba. Da ya jira kammalawa, da babu wanda zai karɓa daga hannunsa.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aljihunka. Gyara yana da araha ne kafin gam ya bushe. Idan ka nuna bango tun yana farin soso aka ce maka ƙofar ta yi tsawo, reza ce kawai. Bayan yaɓe da fenti kuwa, rushewa ce. Don haka ka nuna aikin a matakin da yake, da tarkacensa, ka faɗi ma'auni da shekarar da kake kwaikwayo da kayan da ka yi amfani da su, sannan ka yi tambaya guda takamaimai. Wanda ya ce "ya kuka gani?" yabo zai samu. Wanda ya ce "kalar kwanon nan ta yi sabo da yawa?" shi ake koya wa aiki. Masu yin wannan a ƙasashen waje sun ƙoshi da tankoki da ƙauyukan Faransa, kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin soro da zanko, za ka tarar suna tambayarka fiye da yadda kake tambayarsu.

Idan suka ta zo, ka tace ta. Wanda ya ce taga ta fi ƙarfin ma'auni, ɗauki rula ka duba, lissafi ne ba ra'ayi ba. Wanda ya ce ƙasar ta cika ja alhali bai taɓa taka Kaduna ba, ka gode masa ka wuce. Waɗanda maganarsu ta fi nauyi suna kusa da kai: dattawan unguwar. Ka kai musu hoton, ko sashe ɗaya idan yana ɗaukuwa. Su ne za su ce maka famfon ba nan yake ba, ko a wancan lokacin ba a kai ga sa falwayar lantarki a layin ba. Wannan ilimi ba ya cikin littafi, kuma masu shi suna ƙarewa.

Kyamara kuwa, wayarka ta isa. Ƙananan abubuwa ma sun fi fitowa tar daga gaba har baya a waya, muddin ba ka kunna tsarin da ke dusashe baya ba. Sayi ɗan maƙalin waya mai ƙafa uku. Fitar da aikin inuwa da hantsi, kashe filasha, sa kwali mai kalar sararin sama a baya, ka saukar da wayar daidai tsayin idon wanda zai tsaya a cikin layin. Hoto daga sama yana mayar da aiki abin wasan yara. A ɗaya daga cikin hotunan ka ajiye kwalin ashana a gefe domin a gane girma. Ka kuma riƙa ɗauka daga kusurwa ɗaya duk wata, ka sayi littafi ɗan ƙarami ka rubuta yadda ka haɗa kowace kala da inda ka ɗebo ƙasa, domin bangon da za ka gina baɗi ya dace da na bana.