Ƙanina, kafin ka karɓi aikin nan a Ostireliya, zo mu yi zancen wutar daji

Salamu alaikum. Saƙonka ya same ni tun Talata, aikin dare ne ya hana ni zama in ba ka amsa. Ka ce takardar makaranta ta fito, jihar Biktoriya za ka zo, kuma an gaya maka aikin kula da masu buƙata ta musamman ya fi sauƙin samu ga ɗalibi, musamman a ƙananan garuruwa. A ƙarshe ka tambaya, kamar da wasa, ko wutar dajin da ake nunawa a talabijin ta kai yadda ake zuzuta ta.

Aikin dai akwai shi. Tun 2013 gwamnati ta fara shirin NDIS, wanda ke ba mai naƙasa kuɗi ya ɗauki masu taimaka masa. Za a nemi takardar tantancewa ta NDIS da ta taimakon gaggawa, yawancin kamfanoni kuma suna son lasisin tuƙi. Bizar ɗalibi awa 48 ta yarje maka a mako biyu idan ana karatu, kada kwaɗayin kuɗi ya sa ka haura. Wannan ke nan. Zancen wutar ne ke son zama.

Ka cire hoton wutar da ka sani a ranka, wadda yara masu farautar gafiya ke cinna wa ciyawa da hunturu, a fito da ɗanyen ganye a bubbuge ta. A nan dajin na itacen turare ne, irin wanda ake dasawa a bakin titi a gida, sai dai nan tsauni guda ne cike da shi. Ganyensa mai ne da shi, ɓawonsa kuma zarewa yake yi, iska ta ɗauke shi yana ci ta jefa shi kilomitoci a gaba, wata sabuwar wutar ta tashi a bayanka kana kallon ta gabanka. Idan ta samu hawa gudunta ƙaruwa yake yi. Lokacinta kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, ku kuna jin ɗumi, mu muna cikin tsananin zafi. Ranar 7 ga Fabrairun 2009 zafi ya haura digiri 46 a Malbon, babban birnin Biktoriya, wutar da ta tashi ranar ta ci rayuka 173 a jihar nan da za ka zo. A ta 2019 zuwa 2020 mutum 33 suka rasu a faɗin ƙasar, gidaje sama da 3,000 suka ƙone, a garin Malakuta kuma mutane kimanin 4,000 suka tsere bakin teku ranar ƙarshen shekara, daga baya jiragen sojan ruwa suka kwashe wasunsu.

Mai ƙafa da mota yana iya ganin hayaƙi ya ɗauki makulli ya fice. Kai ba ka da wannan gatan, domin ba kai kaɗai ba ne.

Bari in ba ka labarin bazarata ta farko. Gida ne na mutum uku a gefen gari, bayan katanga daji. Da daddare shugabar aiki ta kira ni ta ce gobe da sassafe za mu kwashe su zuwa wani gidan kamfanin a cikin gari. Na leƙa waje, sama garau, ko ƙaurin hayaƙi babu. A raina na ce Turawan nan da tsoro suke. Da safe na gane ni ne ban san lissafi ba. Dattijon da ke kan keken guragu na lantarki sai an ɗaga shi daga gado da injin ɗagawa, an shirya shi, an ɗaure keken a mota ta kusurwa huɗu. Ga cajar keken, ga allurar ciwon sukari da ke firji tana son jakar sanyi, ga garin da ake kaurara wa wata ruwan sha da shi don kada ta shaƙe. Sai saurayin da ba ya magana, da hotuna a kwamfutar hannu muke fahimtar juna. Ranar Alhamis ce, ranar da yake zuwa ninƙaya, ya zauna a bakin ƙofa da tawul ɗinsa ya ce shi fa ba inda za shi. Ba a jan mutum a aikin nan, lallashi ake yi. Muna cikin haka aka ɗauke wuta, ƙofar garejin kuwa ta lantarki ce, motar tana ciki. Ashe akwai wata jar igiya da ake ja a buɗe ta da hannu, ba wanda ya taɓa nuna mini. Kusan awa biyu muka yi kafin mu hau titi. Wutar ba ta iso unguwar ba ranar, amma ni dai tun daga nan, idan aka ce gobe da haɗari, a waje nake kwanar da mota, hancinta na kallon hanya, tanki cike.

Shi ya sa a aikinmu da hasashe ake tashi, ba da hayaƙi ba. Tun Satumban 2022 ƙasar gaba ɗaya ma'auni guda take amfani da shi, mai hawa huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, sai ja, matakin bala'i, wanda shawarar hukuma a kansa ita ce ka bar yankin daji tun ana gobe da daddare ko da sassafe. Za ka ga allunan a bakin hanya. Akwai kuma ranakun da ake haramta kunna wuta a waje kwata-kwata, har da ta gawayi, don haka ka haƙura da tsire ranar. Ka saka manhajar VicEmergency a wayarka, ka ajiye rediyo mai batir don tashar ABC, domin sabis na iya ɗaukewa. Lambar gaggawa 000 ce. Amma ka sani, 'yan kwana-kwanan karkara na CFA galibinsu 'yan sa-kai ne, kuma su da bakinsu suke cewa kada ka sa ran motarsu a ƙofarka, kada ma ka jira saƙon gargaɗi.

A takarda komai tsaf yake. Tun Janairun 2022 doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista da NDIS su tanadi tsarin ko-ta-kwana. Sai dai na ga inda tsarin yake cikin fayil a saman kabad, sabon ma'aikaci bai taɓa buɗe shi ba, lambobin wayar ciki ma na waɗanda suka bar aiki ne. Wanda na fi yarda da shi shi ne P-CEP da Jami'ar Sidni ta fito da shi, saboda da mai naƙasar ake zama, a tambaye shi yadda yake rayuwa, wa yake kira, me ke tayar masa da hankali, ina yake so a kai shi. Wannan tambayar ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Sansanin da ake tara jama'a yawanci zauren wasanni ne mai hayaniya, ba lallai a samu gadon da ya dace ko injin ɗagawa ba. Mai amfani da injin numfashi kuma ana yi masa rajista da kamfanin lantarki, amma rajistar ba ta hana a ɗauke wuta, dole a tanadi batir.

To idan sun kira ka ganawa, bayan sun gama nasu tambayoyin, kai ma ka yi naka. A wane launi ake kwashe mutanen gidan nan, kuma wa ke yanke shawara idan kai kaɗai ne da dare? Motar keke nawa take ɗauka? Hanya nawa ce ke fita daga unguwar? Yaushe aka yi gwajin fita na ƙarshe, minti nawa ya ci? Ba rashin kunya ba ne a nan, daɗi ma suke ji. Wanda ya yi ta kame-kame kuwa, ka nemi wani wurin, aikin ba ya yankewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau. Ka ce mata na gode da niyyar kilishin, amma kada ta ba ka, ba a shigo da nama ƙasar nan. Yajin da kukar ma ka rubuta su a katin da za a ba ka a jirgi, ka nuna wa jami'an filin jirgi su duba. Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgin.