Sojojin Kan Tebur: Amsar Wasiƙunku

Tun da hoton teburina ya fito a watan jiya, wanda na jera ƙananan mahayan roba goma sha biyu na wasan yaƙi a gindin ganuwa, saƙonni suke ta shigowa, wasu ta waya, wasu ta hannun tsofaffin ɗalibaina. Na zaɓi huɗu. Sauran ku yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa, in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Samaru. Yayana ya zo mini da kwalin ƙananan sojojin roba, an rubuta 1/72 a jikinsa. Na shafa musu fentin mai irin na ƙofa, ga shi mako biyu yana danƙo, fuskokinsu kuma sun shafe. Sun lalace ke nan?

Amsa: Ba su lalace ba, ɗana. Ka jiƙa su cikin Dettol su kwana, da safe ka dirje su da tsohon burushin haƙori tun kafin ruwa ya taɓa su, sannan ka wanke da sabulu. Fentin zai saki.

Wannan 1/72 ma'auni ne. An ɗauki tsawon mutum an raba shi gida 72, shi ya sa sojanka bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, wajen milimita 25. A jikin abu ƙarami haka, fenti mai kauri kamar yaɓe ne, zai cike ido da hanci da maɓallin riga. Ga shi kuma fentin mai ba ya shiri da roba mai laushi. Abin da kake bukata shi ne akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa. Ba sai ka jira na Vallejo daga Sifen ba. Masu sayar wa 'yan sashen zane na ABU kayan aiki suna da na bututu, kuma kala shida sun ishe ka farawa: fari, baƙi, ja, rawaya, shuɗi da ruwan ƙasa. Burushi biyu, lamba 1 da lamba 0.

Sabon soja ma sai an yi masa wanka da sabulu, domin akwai maiƙon da ke biyo shi daga masana'anta. In ya bushe, ka shafe shi da farin gam na kafintoci da ka tsinka da ruwa, shi ne zai riƙe fenti kada ya ɓare in bindiga ta lanƙwashe. Sai ka manna ƙafarsa a kan murfin gorar ruwa don ka sami mariƙi. Fentin kuma ka tsinka shi ya koma kamar kunun da bai yi kauri ba, ka shafa, ka bari ya sha iska, ka sake shafawa. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba.

Mu a nan Zariya babban abokin gabarmu hunturu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin ka kai burushi jikin soja fentin ya bushe a bakinsa. Ni murfin robar abinci nake samu, in shimfiɗa tsumma mai laima, in ɗora takardar nan da masu kek ke sawa a gindin kwano, a kanta nake zuba fenti, yakan wuni bai bushe ba. Duk wanda na gama kuma sai in kife masa kofi, saboda ƙura. Kada ka bar su a mota. Na taɓa mance kwali guda a gaban gilashi wata ranar Afrilu a kasuwar Sabon Gari, na dawo na tarar masu sun lanƙwashe kamar taliya.

Abu guda da nake so ka riƙe tun yanzu: fatar mutanenmu ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Ka dubi hannunka a rana. Ruwan ƙasa mai duhu za ka fara sawa, sannan ka ɗiga masa ja kaɗan ka taɓa goshi da karan hanci da kunci. Nan take fuska za ta fito.

Tambaya: Malam, yarona ɗan shekara 13 ya ga hoton nan ya hana ni sakat. Ni kuwa ina tsoron mutum-mutumi a gida, kuma na ji har da ɗan lido ake wasan. Ba caca ba ce?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki saya. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan sassaƙa siffar abu mai rai. Sun kuma kawo hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da 'yan tsananta, har da doki mai fukafukai, inda da yawansu suka kafa hujjar sassauci ga kayan wasan yara. Iyakar inda sassaucin ya tsaya, nan ne suka saɓa. Fatawa tasu ce, ki kai wa malamin da kika amince da shi, abin da ya ce ki tsaya a kai.

In ya ce a'a, yaron bai rasa wasan ba. Asalinsa ma ba da siffar mutane aka fara ba. A Furushiya, cikin ƙasar Jamus ta yau, wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan soja tsarinsa a 1824, bayan mahaifinsa ya fara aikin. Taswira ake shimfiɗawa, rundunoni kuwa 'yan ƙananan tubala ne, ja da shuɗi, ga alƙali a tsakani. Da shi aka riƙa horar da hafsoshi. Kafinta zai yanka wa yaronki irinsu daga ragowar katako, ya zana tuta a kan kowanne. Akwai kuma tankoki da jirage da ganuwa da zai iya ginawa ya fente. Ina da aboki a Tudun Jukun da bai taɓa ajiye siffar mutum ko ɗaya ba, kuma teburinsa ya fi nawa kyau.

Kuɗi ba sa shiga wasan nan, ko kwabo. Ɗan lidon aikinsa ya nuna cewa a fagen fama ba kullum dabara ke ci ba. Amma tunda akwai malaman da ke ƙyamarsa ko babu kuɗi, sai a ajiye shi, a naɗa babba guda ya yi alƙalanci, kamar yadda wasu hafsoshin Jamus suka koma yi daga 1876.

Gargaɗi ɗaya. In wani ya ba shi tsofaffin sojojin ƙarfe masu nauyi, irin waɗanda kamfanin Britains ya fara zubawa a Landan a 1893, ki karɓe. Dalma ce. Ba mu manta abin da gubarta ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba.

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandare kusa da Ƙofar Doka. Duk kwalin da na gani a intanet na Nafoliyon ne ko na Hitila. Ina ka samo 'yan lifidan da ke hotonka?

Amsa: Malam, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ban saye su ba, haɗa su na yi. Kamfanonin da ke yin mayaƙan ƙasar Hausa ƙalilan ne, samunsu daga nan kuma sai an sha wuya. Shekaru na yi ina fentin sojan Faransa, na san kalar maɓallin kowace runduna, sai wata Sallah ina tsaye a ƙofar fada 'yan lifida suka wuce ta gabana, ƙasa tana girgiza. Na dawo gida na dubi teburina, babu ko ɗaya mai kama da su. Daga ranar na juya.

Ga yadda nake yi. Dakaruna daga kwalin Ansar ne, wato mayaƙan Mahadin Sudan, wanda Perry Miniatures na Nottingham ke yi da roba mai tauri, ma'aunin milimita 28. Suna zuwa da masu da takubba, rigarsu kuma ba ta yi nisa da tamu ba. In kankare facin da ke jikin jibbar da reza, in naɗa musu rawani da zaren ɗinki da na tsoma a gam. Mahaya kuwa daga kwalin Larabawan zamanin yaƙin Salibiyya nake ɗauko su.

Lifidin shi ne aikin. Na gaske tufa ce da aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke gida-gida, ta rufe doki tun daga wuya har gwiwa, kibiya ta shiga ta maƙale. Shi ya sa maharba suka koyi harba masa kibiya mai wuta. Nawa da takardar goge hannu nake yi, ninki uku, in jiƙa ta da gam, in lulluɓa wa dokin, tun tana da laima in bi ta da bayan allura ina tsaga layuka a karkace har gidajen su fito. Sai ta kwana biyu kafin in taɓa ta. Sannan in bi gida-gida da ja da rawaya da shuɗi da fari. Doki ɗaya yakan ci mini dare huɗu. Sulke ya fi sauƙi: in shafa ƙullun gam mai tauri a ƙirji, in tsattsaga da tsinin allura, in fente baƙi, in ya bushe in goga masa bakin fensir, sai ka ga yana ƙyalli kamar ƙarfe. Gashin jiminar kwalkwali kuwa daga gashin zabuwa nake tsaga shi siriri.

Kada ka dogara da zanen Turawa kaɗai. Mu da muke Zazzau littafinmu yana fitowa da ƙafarsa sau biyu a shekara. Ka je Hawan Sallah da Hawan Daushe da wayarka, ka ɗauki sirdi da likkafa da linzami kusa-kusa, ka gaida masu kula da dawakin ka tambaye su sunan kowane abu. Sai dai ka tuna kayan hawa na yau ado ya yi musu yawa, na fita yaƙi sun sha rana da ƙura, don haka ka kashe kalar da ɗan ruwan ƙasa.

Ganuwa da farin soson kwalin firij nake yanka ta, in yaɓe da jar ƙasa da na tankaɗe na kwaɓa da gam. Fentin feshi kada ya kusance shi, narkar da shi yake.

Ga 'yan ajinka, ka gwada musu 1903. Daga nan Zariya Kanar Morland, kwamandan sojan Gwamna Lugga, ya tashi ranar 29 ga Janairu da soja sama da 700, igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu, ya bi ta Bebeji, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarshen watan aka yi karon Kwatarkwashi, inda mahayan Kano suka yi ta afka wa 'yan tsirarun sojan da suka yi sahu kusurwa huɗu, har Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Na shirya wannan karon da matasan unguwarmu a zaurena. Wanda ya riƙe mahayan ya kai hari sau uku, ana kwashe masa dawaki tun kafin su iso. Ya yi shiru, can ya ce, “Baba, ashe sun san abin da za su tarar, suka je.” Shekara talatin ina rubuta wannan a allo, ban taɓa jin yaro ya faɗe shi da bakinsa ba.

In za ka fente sojan Lugga, ka ba su kulawar da ka ba mahayan. Da yawansu Hausa suke ji.

Tambaya: Baba, ni kurtu ne da na fito daga Daffo. Ina so in yi sojojinmu da suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Wace kala zan sa musu?

Amsa: Barka da fitowa, ɗana. Daffon da ya horar da kai tun 1924 yake nan, sunan barikin Chindit kuma daga Bama ya zo, don bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga dajin tare da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kira Chindit, a 1944.

Kada ka sa musu jar dara da jar falmaran mai bakin rawaya, wannan kayan fareti ne. A daji kaki suka fara sawa, daga baya kore, da malafa mai faɗi. Ka nemi kwalin sojan Ostareliya na yaƙin duniya na biyu, malafar iri ɗaya ce, fata kawai za ka sauya. Ka ƙara musu adda a ƙugu. Kuma kada ka manta da 'yan dako. Inda mota ba ta shiga, a ka aka ɗauki harsashi da abinci, har Runduna ta 82 ta sa gammo da masu biyu a gicciye ya zama tambarinta.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a Runduna ta 81 yake, waɗanda suka bi kwarin Kaladan. Tambarinsu baƙin gizo ne a kan rawaya. Nasa yana cikin akwatin ƙarfensa har yau, rawayar ta koɗe ta koma kamar ƙwai. Da ina yaro na tambaye shi me ya sa gizon yake kallon ƙasa. Sai ya miƙe, ya ɗaga hannu kamar mai saita bindiga, ya ce in sake duba kafaɗarsa. Gizon ya juyo yana fuskantar gaba.

A milimita 28 tambarin bai kai ƙwayar gero ba. Ka ɗiga rawaya da tsinken sakace, ka bari ta bushe, ka ɗiga baƙi a tsakiya. Ƙafafun takwas kuwa gashi guda nake tsigewa daga burushi in ja su da shi, da hantsi, a bakin ƙofa inda haske yake. Kan gizon ya kalli gwiwar hannu.