Tambayi Likita: Wace Sana'a Ce Ta Dace da Mai Galahanga?

Tambaya: Likita, shekaruna 23, kuma an tabbatar ina da lalurar galahanga, wato otizim. Kowa cewa yake in karanci kwamfuta domin wai ita ce aikinmu, ni kuwa kiwo nake so. Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Malam, ka bi kiwonka. Temple Grandin, farfesa ce a fannin kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, tana da galahanga, kuma a kan tsara garke da hanyoyin shigar shanu ta yi suna a duniya.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 bai yi magana ba sai da ya kai shekara biyar, kuma har yanzu ba ya son haɗa ido da mutane. Na kai shi koyon ɗinki a cikin kasuwa, amma da rana ta take sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, wani lokaci har ya buga kansa da bango. Maigidansa ya sallame shi. 'Yan'uwa sun ce iska ce, a kai shi gidan mari a yi masa hayaƙi. Daga wani uba a Kano.

Amsa: Alhaji, ina roƙonka don Allah kada ka kai yaron nan gidan mari. Na gaji da ganin samari da ake kawo mana asibiti da miki a idon sawu saboda sasari, ƙirji ya cushe da hayaƙi, kuma ba a taɓa kawo mini ko ɗaya da duka ya gyara ba. Abin da ka bayyana ya yi kama da galahanga, wadda wasu ke kira otizim, wato wani bambanci a yadda ƙwaƙwalwa take girma tun daga ƙuruciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma ɗauri da bulala cuta ce a kan cuta.

Ka tsaya ka dubi inda ka ajiye shi. Akwai ƙarar janareta, da kekunan ɗinki suna aiki tare, da rediyo, da masu ciniki suna ɗaga murya. Da yawa daga masu galahanga suna jin sauti da haske da ƙarfin da ya ninka yadda muke ji, sai kan ya cika har su kasa jurewa, shi ne ihun da kake gani. Saboda haka mai yiwuwa ɗinkin bai gagare shi ba, kasuwar ce ta gagare shi.

Kafin a sake zaɓar masa sana'a, ka ɗauki makonni biyu kai da mahaifiyarsa kuna lura da shi a gida. Wane abu ne yake zama ya yi na tsawon lokaci ba tare da an sa shi ba? Yana kwance rediyo ya mayar, ko yana jera kaya bisa tsari, ko kuwa wurin kaji da tantabaru yake wuni? A nan amsar take. Galibinsu sun fi samun natsuwa a aikin da yake da tsari ɗaya kullum, mai buƙatar lura da ƙananan abubuwa, kamar aikin hula, gyaran waya, lissafin kayan sito ko kiwon kaji, amma ban ce lallai ɗaya daga cikinsu ne na ɗanka ba. Idan ɗinkin yake so, a sa masa keke a soro ko ɗaki mai shiru, a fara da awa biyu a rana, a nuna masa aiki da hannu mataki-mataki, kuma a sanar da shi tun da wuri idan za a canza wani abu. A nemo maigida mai haƙuri, wanda ba ya magana da habaici, domin yaron yana ɗaukar magana ne yadda aka faɗe ta.

Buga kai da bango kuwa ba abin jira ba ne. Ka kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba shi sosai, har da jinsa da haƙoransa, domin wanda magana ke yi wa wuya yakan nuna ciwo ta wannan hanya. Idan ya taɓa suma ko jijjiga, ka faɗa wa likita, saboda farfaɗiya takan zo tare da galahanga. Ina sake cewa, asibiti za a kai shi.

Tambaya: Dole ne in faɗa wa masu ɗaukar aiki cewa ina da lalurar? Daga wata budurwa a Kaduna.

Amsa: Ba dole ba ne, 'yar'uwa, sai dai faɗin yakan ba ki damar neman a riƙa ba ki umarni a rubuce ko wurin zama mai shiru. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Tambaya: Na ga ana tallar wani ruwa a Facebook da aka ce yana warkar da galahanga cikin wata ɗaya, har mutum ya iya aiki. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, babu maganin da ke warkar da galahanga, kuma wasu daga cikin irin waɗannan ruwan sinadarin wanke tufafi ne a ciki, yana ƙona maƙogwaro da hanji. Idan har yaronki ya riga ya sha, ki kai shi asibiti yau, ki tafi da kwalbar.