Amsa ga mai tambaya kan yanyawa da 'ya'yanta a bayan gida

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce jar yanyawa ta haihu a ƙarƙashin ɗakin ajiyar kaya na lambun gidan da kake haya, kana son ɗaukar hoton 'ya'yan, ita kuma uwargida tana tsoron kada su taɓa yara. Bana shekara ta biyar ke nan ina bin su da kyamara a nan Bristol ta Ingila.

Mutanenmu da dama a nan dila suke ce mata, amma ba dila ba ce. 'Yar'uwar yanyawarmu ta Sahel ce, mai launin rairayin nan, sai dai wannan ta fi ta girma, takan kai kilo 5 zuwa 7. Ihun da ka riƙa ji da tsakar dare a watan Janairu, kamar ana shaƙe mutum, lokacin barbararsu ne. Cikinsu na kwana 52 ne ko kusa da haka, yawanci a haihu a Maris. 'Ya'yan makafi ake haifar su, baƙi-baƙi kamar 'yan kwikwiyo, ido ya buɗe bayan kusan mako biyu, shuɗi, daga baya ya rikiɗe ya koma ruwan zuma. Sai sun yi wata guda suke leƙo waje. Tunda naka har sun fara kokawa a bakin rami, to lokacinka ƙalilan ne, don zuwa ƙarshen Yuni sun daina kwana a ramin.

Shekarata ta farko na tarar da wani rami a gefen layin dogo, 'ya'ya biyar. Zumuɗi ya kwashe ni, na matsa har taku biyar da waya a hannu, na kuma kunna fitila. Uwar tana can gefe tana kallona, ko motsi ba ta yi ba. Washegari na dawo, rami wayam. Ta kwashe su cikin dare. Ita ba faɗa take yi da mutum ba, ƙaura take yi, kuma laifina ne ya sa ta yawo da jarirai a gefen hanyar jirgi. Har yau abin yana damuna.

Yanzu ga yadda nake yi. A watan Mayu rana tana fitowa da biyar da 'yan mintuna, don haka idan na yi Asuba ba na komawa barci. Nakan zauna a ƙasa, bayana jingine da shinge, nesa da ramin kamar taku ashirin, iska tana buso mini ta fuska. Turaren nan namu na Juma'a ka ajiye shi ranar, hancinsu ba irin namu ba ne. Rigar sanyi mai ƙwaramniya ma ka bar ta. Idonsu motsi yake kamawa, saboda haka ka ɗaga kyamara tun kafin su fito, ka dafe ta a gwiwa. Minti arba'in na taɓa yi ba abin da ya leƙo, ƙafa ta yi sanyi ƙalau, sai ga kai ɗaya, sai biyu, sai duka suka ɓarke da wasa da wata tsohuwar safar hannu. Kai ma ka fi ni sa'a, taga kawai za ka buɗe.

Gilashin kyamara mai 300mm ya isa. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, don ba sa tsayawa wuri ɗaya, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, ka kashe ƙarar ɗauka da walƙiya. Ka saita a kan ido. Idan waya ce kawai, ɗaure ta a sanda tun suna ciki, kunna bidiyo, ka koma gida ka sha shayi.

Batun yara, ka kwantar wa uwargida hankali. Cutar haukan kare ta ƙare a dabbobin ƙasa na Birtaniya tun 1922, kuma cizo ba kasafai yake faruwa ba. Amma kada a ba su abinci a hannu, a riƙa rufe ƙofar baya, a kwashe kashinsu da leda don yana ɗauke da tsutsar ciki. Abin da za su yi maka tabbas shi ne satar takalmi. Mu da muke cire takalma a bakin ƙofa, ni ƙafa uku na rasa.

Ka lura da wutsiyar uwar. Idan gashi yana zubewa, fata ta yi ɓawo, ƙazwa ce, ka kira masu ceton namun daji. Wannan cuta ce ta shigo Bristol a 1994 ta kashe sama da kashi 95 cikin 100 na yanyawar garin, kamar yadda binciken Stephen Harris na Jami'ar Bristol ya nuna.

Idan mai gida ya ce a toshe ramin, ka roƙe shi ya bari sai sun tashi, don dokar 1996 ta hana azabtar da namun daji. In za ka sa mana hotunan, kada ka rubuta sunan layinku. Ni dai wanda nake jira shi ne na lokacin da uban ya shigo da abinci a baki, shekara biyar ban same shi da kyau ba.