Ku Tambayi Kawu: Na yi wa amarya alkawarin kallon faɗuwar rana a bakin teku

TAMBAYA

Salamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, ina da ɗan shagon kayan waya a kasuwa, wata huɗu kenan da aurena. Tun muna zance amaryata ta nuna min wani hoto a waya, rana tana nutsewa cikin teku jawur kamar garwashi, tace ita dai duk duniya ba abinda take son gani da idonta irin wannan, ni kuma ka san bakin saurayi, nace haba ai wannan ƙaramin abu ne ana ɗaurawa zan kaiki. To Kawu an ɗaura kuma wallahi bata manta ba, duk sati sai ta tuna min. Ina da 'yar Corolla ta hannu, tsarina mu tashi Juma'a bayan an sauko masallaci mu nufi Duwala tunda yayana yana can unguwar Nubel, mu kalla ranar Asabar da yamma mu juyo Lahadi saboda shago. Hajiyata kuma tace wannan shirme ne, ranar da kullum take faɗuwa a bayan gidanmu ita za a ƙona wa mai, kuma almuru ba lokacin zaman bakin ruwa bane. Dan Allah zai yiwu yadda na tsara? Kuma ya zan yi da maganar Hajiya?

Ango daga Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya alheri ya kawo ƙazantar ɗaki. Alkawari kaya ne kuma kai ka ɗaura wa kanka, sai a sauke. Amma wannan tsarin naka na Juma'a zuwa Lahadi ka ajiye shi gefe, ba zai yiwu ba ko da kuwa Corollar taka jiya ta fito daga kamfani.

Fara da inda ka nufa ma. Duwala ba a bakin buɗaɗɗen teku take ba, a bakin kogin Wuri take, akwai tazara tsakaninta da inda ruwan ya buɗe, abinda zaka gani tashar jiragen ruwa ne da gada da cinkoson 'yan acaba. In ka kai amarya can rana zata faɗi bayan kwantenoni ne, kaga ka yi asarar mai kuma alkawari yana nan. Wuri biyu ne mutane ke zuwa, Limbe da Kiribi. Limbe tana da kyau ba ƙarya, yashinta baƙi ne saboda aman wutar Dutsen Kamaru da ke tsaye a kanta, sai dai tana yankin Kudu maso Yamma inda ake fama da rikici tun 2016, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a wannan gefen, ni ba zan tura sabon ango da amarya can ba. Kiribi zaka je. Yashi fari, gari a kwance, kuma bakin ruwan yamma yake kallo, wato rana a gabanka zata sauka ba wani tsauni ko gini da zai tare ta.

Yanzu lissafin hanya. Garwa zuwa Ngaundere wajen kilomita 280 ne, kuma ka san hawan dutsen nan na bayan Mbe kafin a hau tudun Adamawa, inda tireloli ke rarrafe suna hayaƙi, nan motar da bata da lafiya take tona wa mai ita asiri. Daga Ngaundere ka bi Maiganga, Garwa-Bulai a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, Bertuwa, Abon-Mban, Ayos sannan Yawunde, wannan kaɗai ya haura kilomita 800. Daga Yawunde ka kama babbar hanyar Duwala har Edeya a bakin kogin Sanaga, wajen 180, sai ka karya hagu ka gangara kudu wajen 110 zuwa Kiribi. In ka tara kusan kilomita 1,400 kenan zuwa kawai. Kai kaɗai ne direba, ga shingayen jandarma, ga feyaji, wato kuɗin hanya, sefa 500 kowace ƙofa, ga sallah ga cin abinci, ga mace a mota wadda ba zaka ce mata ta daure kamar yaron mota ba. Kwana biyu cur a hanya in komai ya tafi daidai, uku in kana son ka isa da sauran ƙarfinka. Kuma kar ka yarda da tafiyar dare, musamman tsakanin Maiganga da Bertuwa, tsofaffin direbobi basu manta zamanin zargina 'yan fashin hanya ba, ko babu su ma ramin da baka gani ba ya isheka. Hanyar Yawunde zuwa Edeya kuwa ita ce nafi ji maka tsoro, manyan motocin gungumen katako da bas-bas masu wuce juna a kwana, in baka saba ba ka bi ta da rana tsaka ka haƙura da wuce kowa.

Da ni ne kai ga abinda zan yi. In tuƙa ko in hau bas zuwa Ngaundere, in bar motar a gidan wani na sani, mu shiga jirgin ƙasa na dare wanda ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya kilomita 600 da 'yan kai, gari ya waye muku a kusa da Yawunde. Ka yanki tikitin kushet mai gado tun da wuri. Amarya zata kwanta a ƙasar ciyawa irin tamu ta arewa ta farka ta leƙa taga ta ga daji kore shar da ayaba da bishiyoyin da bata taɓa ganin tsawonsu ba, wannan kansa rabin tafiyar ne. A Yawunde ku sauka Birkitiri unguwar Hausawa ku ci tsire ku huta kamar kuna gida, washegari ku hau bas na Kiribi da sassafe. In kuma ka nace sai da motarka to ba a fafe gora ranar tafiya, sati guda kafin nan ka kaita wajen bakanike ya duba birki da lagireto da tayoyi, safaya biyu ba ɗaya ba, takardu kuma kat giris wato takardar rajistar mota, da asirans wato inshora, da bizit teknik wato takardar duba lafiyar mota, da lasisinka duk su zama da rai, katin ɗan ƙasa naka da nata a jikinku ba cikin akwati a but ba.

Amma babban abinda nake so ka riƙe shine wannan, kar ka je da yamma ɗaya tak a aljihunka. Ka ware kwana uku a Kiribi. Bari in baka labarin kaina ka gane dalili. Zuwana na farko motar da muka shiga ta yi faci bayan Edeya, safayar ma ba iska, muka zauna bakin titi muna korar sauro har rana ta yi abinta a bayan itatuwa, muka shiga gari da duhu ban ga komai ba sai dai ina jin wani gurnani daga yamma kamar ana juye tifar yashi ba ƙaƙƙautawa, nace wa mai masauki wane inji ne wannan yayi dariya yace teku ne. Yamma ta biyu tun ƙarfe biyar na je na zauna da shirina, hadari ya taso daga cikin ruwa ya rufe komai, sararin ya yi toka-toka kawai aka kira magariba. Sai ta ukun. Ranar ma na fidda rai, ina zaune kan wani kwale-kwale da aka kife, masunta suna jan wani zuwa tudu suna waƙa da yarensu, ƙananan ƙaguwa masu kalar yashi suna fitowa daga rami su ruga su koma in ka motsa ƙafa, leɓena duk gishiri alhali ban taɓa ruwan ba. Sai gajimaren ya tsage daga ƙasa rana ta leƙo, ba zafi ba ƙyalli kana iya kallonta, ta baje ta gefe-gefe kamar waina a tanda, kuma ta shimfiɗa wata jar hanya a kan ruwa tun daga can har gaban ƙafata. Daga sanda gindinta ya taɓa ruwa zuwa sanda ta ɓace bai kai minti uku ba. Ban ma tuna da kamara ba.

Minti uku fa ɗana. Kiribi tana dab da tsakiyar duniya shi yasa rana take sauka a miƙe bata jan jiki, kuma duk shekara tsakanin ƙarfe 6 ne da 6 da rabi da 'yan mintuna, bayanta da kamar minti 20 duhu ya rufa. In kace bari in sayo ruwa in dawo ka dawo ka tarar an tashi. Ku kasance a wurin tun biyar da rabi.

Lokacin zuwa kuma, Disamba zuwa Fabrairu ne ranin can, nan ne ruwa ke ɗagawa. Satumba da Oktoba kar ma ka fara. Sai dai ranin ma yana da nasa halin, wani lokaci hazon hunturunmu na arewa yana gangarawa har bakin teku, sai kaga rana ta dushe ta ɓace a sama tun bata kai ruwa ba, wato ka gudu daga ƙurar Garwa ta riga ka isa. Shi yasa dai nace kwana uku.

Da rana ba zaku rasa abin yi ba. Kamar kilomita 7 kudu da gari akwai inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, irinsa kaɗan ne a duniya, ana shiga kwale-kwale a matsa kusa amma ku yi ciniki kafin ku hau kuma ku nemi rigar hana nutsewa. Akwai tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da Jamusawa suka gina a 1906 a bakin kogin Kiyenke. A wajen saukar masunta zaka zaɓi kifinka ɗanye da hannunka a gasa maka nan take da bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, warinsa sai an saba amma ka gwada. Jatan landen Kiribi kuwa ba a magana, ai sunan ƙasar ma daga shi ya samo asali, Turawan Fotugal da suka shigo kogin Wuri a 1472 suka tarar da shi jingim suka kira wurin kogin jatan lande da yarensu, kamaroyis, ya zama Kamaru. Nama dai in ba a hannun mutanenmu ba ku tsaya kan kifi. Kuma ka sani bakin ruwan wajen otal-otal akwai masu wanka da shigar da ba tamu ba da masu shaye-shaye, ku ɗan taka gaba inda masunta suke yafi kwanciyar hankali.

Wanka a teku, in kana taƙama ka iya iyo a Binuwai to wannan ba Binuwai bane. Igiyar tana dukanka ta gaba sannan ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, akwai wuraren da ruwan ke ja ciki da ƙarfi kuma daga sama baka ganewa. Iya gwiwa ya isa.

Maganar Hajiya kuma, kar ka yi gardama da ita, tana da gaskiyarta. Hadisi ya zo da a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai, kuma magariba lokacinta ƙurarre ne. Sai ka ce mata ba shiga ruwa zaku yi ba kuma ba zaku kai dare ba, da alwalarku zaku zauna, tana nutsewa ku juya wa teku baya ku fuskanci gabas ku ɗan karkata hagu ku tada sallah a kan yashin, kuna matafiya ma ga sauƙin kasaru a azahar da la'asar da isha. Ka nemi albarkarta kafin ka sayi tikiti ba bayan ka saya ba, in tace a'a ka bari ka sake lallaɓa ta wani watan. In kuma aljihu ne bai kai ba a bana, tafkin Lagdo yana nan kusa da ku, ka kai amarya ta ga rana a kan ruwa a matsayin kafin alƙalami, amma kar ka ce mata shikenan an biya, ta ga hoto ta san bambanci.

TAMBAYA

Kawu ina wuni. Daga Njamena nake, maigidana zai kaimu Kiribi da yara in an yi hutu. Ruwan teku tunda gishiri ne ana alwala da shi? Kuma ta ina yafi mu bi?

Maman yara daga Njamena

AMSA

Lafiya lau 'yata. Ana yi, an tambayi Annabi (SAW) game da teku yace ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne, yana cikin Muwaɗɗa. Sai dai ki kurkure baki a hankali kar ki haɗiye, kuma ki tanadi ruwan daɗi na ɗauraye fuska don in ya bushe yana ƙaiƙayi.

Hanya kuwa, ta gadar Ngeli zuwa Kuseri a gangara Marwa ta Waza ita ce aka sani, amma da yara a mota kuma da yanayin tsaron wannan yankin ni nafi son ku bi ta Mundu ku shiga Tuboro ku ɓulla Ngaundere, kwalta ce. Fasfo da katin rigakafin shawara na kowa har jaririn da ya isa yi. Kusan hanyar da man ƙasarku yake bi kenan, bututun da ya taso daga Doba kilomita 1,070 a Kiribi ya ƙare tun 2003, ya shige ƙarƙashin ruwa zuwa wani ƙaton jirgin ajiya da ke tsaye can cikin teku inda jiragen dakon mai ke zuwa lodi. In kun je ki tambayi masunta su nuna wa yaran saitinsa. Kuma ki riƙe hannun ƙaramin gam, yara in suka ga igiya ta janye binta suke yi da gudu.