Wai daga ina kalmar bangalo ta samo asali?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni birkila ne, kullum masu gida sai su ce a yi musu bangalo ba bene ba, shin kalmar nan ta Turawa ce tun asali ko su ma arowa suka yi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Arowa suka yi, daga Indiya ma kuwa. Abin da suke rubutawa bungalow ya fito ne daga "bangla" a yaren Hindi, ma'ana abu irin na Bengal, yankin da Bangladesh da gabashin Indiya suke yanzu. Manoman can ɗaki suke ginawa a ƙasa da jinka mai lanƙwasa wadda ta zarce bango sosai, saboda ruwan da ake tafkawa a wajen ba na wasa ba ne.

To da Turawan kamfanin East India suka je fatauci a ƙarni na 17 zafi ya ishe su, sai suka kwaikwayi ginin, suka ɗaga daɓen sama kaɗan suka zagaye shi da baranda ta yadda rana ba ta dukan bango kai tsaye, iska kuma na ratsawa ta ko'ina, har gidajen saukar baƙi na hanyar kai wasiƙu suka riƙa ginawa haka suna ce musu dak bangalo. A Ingila kanta sai wajen 1870 aka fara gina shi, a bakin teku a yankin Kent, daga baya ya bazu a Amurka musamman Kalifoniya farkon ƙarni na 20.

Mu nan mulkin mallaka ne ya kawo mana, je ka duba tsofaffin gidajen GRA na Kaduna ko nan Zariya za ka ga baranda mai faɗi da rufi mai tsawo. Abin da ke damuna shi ne yanzu mun riƙe sunan mun yar da hikimar, a yi bangalo ba baranda, tagogi ƙanana, silin a ƙasa ƙasa, watan Afrilu ya zo ba wuta kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida. Don Allah in mai gida ya kawo maka zane ka ba shi shawara ya bar wa baranda fili ko ta ɓangaren yamma ce kawai, inda rana ta fi duka bayan azahar.